Zawon haƙori ne, a ƙyale shi?

Maman Sadik: Assalamu alaikum, ku ba ni shawara don Allah. Tun jiya da la'asar Sadik yake zawo, yau sau biyar ke nan, ruwa tsululu. Watansa takwas. Goggo ta ce na haƙori ne, da ya tsago zai tsaya.

Goggo Asabe: Haka na ce, ban kuma janye ba. Goyo bakwai na yi, babu wanda bai yi zawon haƙori ba. Duba dasashinsa ki gani, ga yawu yana ta dalala. Ki ma rage masa nono cikinsa ya huta.

Anti Larai: Goggo, ki gafarce ni, nan kam ba zan bi ki ba. Shekaruna na aiki a ɗakin yara na asibiti sun nuna mini haƙori yana kawo ƙaiƙayin dasashi da dalalar yawu da rigima, amma ba ya kawo zawo. Lokaci ne ya haɗa su. Daga wata shida yaro ke fara rarrafe, ya ɗauki takalmi ya kai baki, a lokacin kuma aka fara ba shi koko. Ƙwayar cuta ta nan take shiga. Nono kuwa ƙara masa za a yi, duk lokacin da ya nema.

Yaya Sani: To a daina jayayya, a saya masa Flagyl a kemis. Mu shi muke ba namu, kwana biyu ya tsaya.

Anti Larai: Yaya, ko ba a ba su ba yawanci zai tsaya da kansa. Zawon jarirai galibi ƙwayar bairos ce, irin su rota, Flagyl kuwa ba ya taɓa ta. Yana da wurinsa, kamar wani nau'in atuni, shi ma sai likita ya duba. Abin da ke kashe yaro ƙarewar ruwan jiki ne. Na karɓi yarinya daga hannun uwarta, ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, tana kuka babu hawaye, mun fi rabin awa muna neman jijiyar da za mu sa mata ƙarin ruwa. Kwana uku ana cewa haƙori ne. Har yau ina ganin fuskarta.

Goggo Asabe: Subhanallahi. To maganin haƙori na kwalba fa?

Anti Larai: Shi ma a bar shi, Goggo. Kin manta My Pikin a 2008? Yara 84 aka rasa a ƙasar nan saboda gubar da ke cikinsa.

Maman Sadik, aika a sayo ORS, wato ƙunshin garin gishiri da sukari na masu zawo, da ƙwayar zink yanzu. Ki juye ƙunshin gaba ɗaya cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, wato fiyawata leda biyu, amma duba jikin takardar don akwai na rabin lita. Duk zawo ɗaya ki ba shi rubu'i zuwa rabin kofin shayi, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai, dakata minti 10 ki ci gaba a hankali. Ruwan da ya kai awa 24 da haɗawa a zubar. Zink miligiram 20 kullum sau ɗaya, ki narka a cokali da ruwan nono, kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya. Kada ki ba shi lemon kwalba.

Yaya Sani: Ni fa har yanzu ban ga yadda ruwan gishiri zai tsayar da zawo ba.

Anti Larai: Ba tsayarwa ne aikinsa ba, mayar da abin da ya zube yake yi. Zink ne ke rage kwanakin.

Maman Sadik: An kawo, ya sha cokali goma sha biyu, ya kama nono. Yaushe zan san na asibiti ne?

Anti Larai: Idan kin ga jini a kashin, ko ya ƙi nono da ruwa, ko komai ya sha ya dawo, ko zazzaɓi, ko jikinsa ya saki yana ta barci, ko ya wuni bai jiƙa zane da fitsari ba, ki goya shi ki fito ko tsakar dare ne. Ki kuma duba katinsa ko ya sami ɗigon rota, tun 2022 aka sa shi cikin rigakafin yara.

Goggo Asabe: Ni dai har gobe ina ganin da hannun haƙori a ciki. Amma ki ba shi ruwan, 'yar nan. Bari in dama masa koko mai ɗan kauri in taho, sai in riƙe miki shi ki ɗan runtsa.