Tankin ajiyar zafi rufaffe ne, ina so in haɗa masa murhun itace: wa ya taɓa buɗe irinsa?

Baban Safiyya: Salamu alaikum 'yan uwa. Gidan yana wani ƙauye a Yokshaya ta Ingila. Tankin ajiyar zafi mai lita 300 yana ƙasa, rufaffe ne, matsinsa bar 1.5 (bar ma'aunin matsi ne), boilar gas ke ɗumama shi. Ina so in sa murhun itace mai tukunyar ruwa a baya, kilowat 12. An ce sai an mayar da tsarin buɗaɗɗe. Me za a cire, me za a ƙara?

Injiniya Kano: Wa alaikumus salam Malam. Wutar itace ba ta da makunni, idan lantarki ya ɗauke famfo zai tsaya amma ita tana nan tana ci, dole tururi ya samu mafita. Za a cire tulun matsi (mai karɓar ƙaruwar ruwa a rufaffen tsari) da bututun cikawa, a kafa ƙaramin tanki a saman silin. Bututun fitar tururi milimita 22 aƙalla, ya yi ta hawa ba gangara, ba bawul ko ɗaya a kansa, ya lanƙwasa ta saman tankin. Bututun tsakanin murhu da tankin ajiyar zafi milimita 28. Ruwa na ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin ɗari idan ya kusa tafasa, lita 300 ɗinka kenan za ta ba da lita 12, ban da na radiyetoci.

Maman Yusra: Ka sayi murhu mai naɗaɗɗen bututun sanyaya kawai, bawul ɗinsa na buɗewa a wajen digiri 95 ya sako ruwan sanyi. Ba sai ka taɓa komai ba.

Mai Famfo Lids: Hajiya, sai murhun da kamfaninsa ya rubuta cewa ya dace da rufaffen tsari. Ni abin da ke ci mini rai shi ne a sa tankin roba a saman silin. An kira mu wani gida, mai aikin farko ya sa baƙin tankin roba na gama-gari a kan katako biyu kacal. Lantarki ya ɗauke da dare, ruwa ya yi ta tafasa yana zuba ciki, robar ta yi laushi ta zube, silin ɗin ɗakin yara ya rufto da ruwan zafi. Allah ya sa ba kowa ciki. Dole tankin saman silin ya zama na jan ƙarfe ko ƙarfe mai jure digiri 110, a kan faffaɗan katako, ƙwallon bawul da bututun ambaliya su ma na ƙarfe.

Maman Yusra: Innalillahi. Inshora ta biya?

Mai Famfo Lids: Ta ƙi, don ba takardar HETAS (ƙungiyar da ke tantance masu haɗa murhun itace) kuma ba a sanar da hukumar gine-gine ba.

Ɗan Damagaram: Fam 900 aka yi wa maƙwabcina duka aikin.

Injiniya Kano: Ba dai da radiyetan zubar da rarar zafin murhu da bawul mai riƙe ruwan dawowa sama da digiri 60 ba. Ƙasa da fam 2,000 ban gani ba. Baban Safiyya, tunda tankinka na ƙasa daidai da murhu, ruwan zafi ba zai hau da kansa ba, radiyetan nan a bene wajibi ne. Kuma tsayin ruwa mita 10 ke ba da matsin bar 1, silin mai mita 4 bar 0.4 kawai zai ba ka. Boilar gas ɗinka na iya ƙin tashi, sai an raba ta da na'urar musayar zafi.

Ɗan Damagaram: Injiniya, a takarda kake aikinka. Maganar mai riƙe sifana za mu bi.

Mai Famfo Lids: Ai gaskiya ya faɗa, Yaya.

Kawu Bala: Mu da muka taso da kasko da gawayi, yau jin ɗumi sai da lissafin jami'a!

Maman Yusra: Kawu bar lissafi, itacen ma fa? Tun Mayun 2021 doka ta hana sayar da ɗanyen itace ƙasa da kubik mita 2 a Ingila, danshi kada ya wuce kashi 20, amma buhun da aka kawo mana awo ya nuna 31. Gilashin murhu ya yi baƙi cikin kwana uku.

Ɗan Damagaram: A waje kika gwada ko sai da kika faskara?