Na ce wa Allah na gaji, yanzu ina jin kunyar ɗaga hannu

Mai tambaya (an ɓoye suna): Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yarana uku, biyu masu sikila. Babbar ta rasu bara, Allah Ya jiƙanta. Ƙaramin kuma tun shigowar hunturun nan muke zaryar asibiti, yau ƙarin ruwa, gobe ƙarin jini. Wani dare ciwon ƙafa ya hana shi barci, yana kuka yana kiran sunana, na tashi na yi nafila. Da na ɗaga hannu duk addu'o'in da na haddace suka ɓace mini, sai kawai na ji bakina na cewa: "Ya Allah na gaji. Ka karɓi ɗaya, ga wannan ma yana shan azaba a gabana. Me yaron nan ya yi? Sai yaushe?" Na ba yayar maigidana labari, ta ce in gaggauta tuba, wai mumini alhamdulillahi kaɗai yake faɗa. Tun ranar farilla kawai nake yi, ina sallamewa na miƙe. In na ce alhamdulillahi sai in ji kamar na yi ƙarya, alhali Ya san abin da ke raina. Don Allah na yi saɓo ne? Yaya zan koma addu'a?

Wata malamar Islamiyya: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba yaro lafiya, Ya sa wadda ta rasu ta zama mai ceto. Ki buɗe Suratu Yusuf aya ta 86. Annabi Yaƙubu ya yi kukan rashin ɗansa har idanunsa suka yi fari, 'ya'yansa suka ce zai halaka kansa, ya amsa musu cewa baƙin cikinsa da damuwarsa Allah kaɗai yake kai wa ƙara. Kuma shi ne dai ya ce "haƙuri mai kyau" a surar. Ashe haƙuri bai hana a faɗa wa Allah inda yake ciwo ba. Annabi Ayyuba da ake buga misali da haƙurinsa, a Suratul Anbiya aya ta 83 cewa ya yi cuta ta shafe shi, sannan ya ce Kai ne Mafi rahamar masu rahama. Nana Maryam da naƙuda ta tsananta, cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan, aka kira ta aka ce kada ta yi baƙin ciki, aka nuna mata ruwa da dabino. "Sai yaushe" ɗin da kika faɗa ma yana cikin Baƙara aya ta 214, Manzo da muminai aka girgiza har suka ce yaushe taimakon Allah zai zo.

Wuri ɗaya zan ja hankalinki, wato "me yaron nan ya yi". In zafin uwa ne ya fito da shi, ki ce astagfirullah ki wuce. Abin gudu shi ne zuciya ta zauna a kan cewa an zalunce ki, domin Allah ba Ya zalunci. Kuma ciwon yaro ba horo ba ne a kan wani laifi, nasa ko naki. Wadda ta tashi cikin dare ta yi alwala ta fuskanci alƙibla, ni ban ga alamar mai fushi da Ubangijinta a nan ba.

Wani ɗan'uwa: Gaskiya baiwar Allah a yi hattara da harshe. Allah ba a tambayarSa abin da Yake aikatawa. Akwai addu'o'in da Annabi (SAW) ya koyar, ki tsaya a kansu, sun fi duk abin da za ki ƙirƙira. Ki lazimci ta Ummu Salama: Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha.

Malamar ta ƙara: Malam, addu'ar da ka kawo tana cikin Sahihu Muslim, kuma ta riƙe ta. Amma ka dubi halin da take ciki: ta daina ɗaga hannu gaba ɗaya. Wannan ya fi kalmar da ta suɓuce mata haɗari. Ranar da Ibrahim ɗan Annabi (SAW) yake barin duniya, hawaye ya zubo wa Manzon Allah, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Bai ɓoye baƙin cikin ba, da bakinsa ya ambace shi.

Wata dattijuwa: 'Yata, na binne 'ya'ya ni ma, na san wannan daren. Ni ba ni da Larabci sai na salla. In na sallame sai in zauna a kan darduma in yi ta ba Shi labari da Hausa, har kuɗin magani da bashin da ake bi na ina faɗa Masa. Wata rana kuka ne kawai, ba magana. Alhamdulillahin da kike jin ta yi miki nauyi, ki rage mata faɗi. Ki gode da abin da zuciyarki ta yarda da shi yau: an samu jini, yaro ya sha koko, ya yi barcin awa biyu. Wannan ba ƙarya a ciki. Kuma ki daina kai wa dangin miji abin da ke tsakaninki da Allah, ba kowa ke iya ɗaukarsa ba.

Wata ma'aikaciyar jinya: Aunty, gajiyar da kike faɗa ta jiki ce ma. Uwar mai sikila ba ta barci, ga makoki bai sake ki ba. Ki samu wanda zai riƙa karɓar ki kwana a asibiti, ko mahaifinsa ko ƙanwarki. In kin ga abinci ya fita ranki, barci ya ƙaurace ko da yaro na lafiya, ko kina tunanin gara ki mutu, ki faɗa wa likita kai tsaye, akwai taimako. Shi kuma yaron, ki tambayi likitansa ko ya dace a ɗora shi a kan maganin hydroxyurea, yana rage yawan tashin ciwon ga yara da dama. A rufe shi da kyau a sanyin nan, ya yawaita shan ruwa, ya kwana cikin gidan sauro, zazzaɓi kuma ko kaɗan ne kada a jira gari ya waye.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri, ina karantawa ina kuka. Malama, zan iya yin maganar da Hausa a cikin sujada?

Malamar: A wajen salla babu matsala ko kaɗan, kowane harshe Yana ji. A cikin salla malamai sun yi saɓani, wasu sun sauƙaƙa wa wanda bai iya Larabci ba, wasu sun hana. Don ki fita daga saɓanin, a sujada ki maimaita addu'ar Annabi Yunusa, la ilaha illa anta subhanaka inni kuntu minaz zalimin, bayan sallama kuma ki zazzage komai da Hausa. Tunda dama ciwon na tashe ki a sulusin dare na ƙarshe, lokacin amsa addu'a ne kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Ki fara yau, kuma ki sanar da mu yadda jikin yaron ya kwana.