Wa ya hana makarantun Texas kuɗi, amintattu ko gwamna?

Baban Sadiq: Salamu alaikum jama'a. Ina da magana, na san wasu ba za su ji daɗinta ba. Duk sanda majalisar dokokin Texas za ta zauna, sai hukumomin makarantun gwamnati, wato amintattun da jama'a ke zaɓa su kula da makarantun kowace gunduma, su fito da jerin buƙatunsu: a ƙara kuɗi, kuma kada a yarda da bauca, wato tallafin gwamnati na kai yara makarantun kuɗi. To a 2023 an kawo musu tayi. Kason da jiha ke ware wa kowane ɗalibi, wanda ya tsaya a dala 6,160 tun 2019, za a ɗaga shi zuwa 6,700, bisa sharaɗin a bar iyaye su karɓi tallafi su kai 'ya'yansu makarantun kuɗi. Suka yi ta kamun ƙafa har majalisar wakilai ta cire bauca da ƙuri'a 84 da 63. Gwamna Greg Abbott ya ce in ba bauca, ba kuɗi. Bayan shekara biyu baucar ta wuce duk da haka. Ni dai a ganina taurin kan amintattun ne ya jawo wa yaranmu ƙuncin shekara biyu a banza.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Baban Sadiq, ka faɗi labarin daidai amma ka ɗora laifin inda ba nan yake ba. A shekarar nan jihar tana da rarar kuɗi sama da dala biliyan 32. Wa ya ce dole sai an ƙulla albashin malamai da bauca a ƙudiri ɗaya? Gwamna ne ya ƙulla su. In mutum ya riƙe maka hatsinka ya ce sai ka ba shi gonarka, ka ƙi, wa ya sa ka kwana da yunwa?

Baban Sadiq: Gonar ma ai an karɓe daga baya, Malama. Ga yunwa ga asarar gona.

Maman Ummi: Ni da nake cikin aji na san yunwar fiye da kai. Gundumarmu ta yi kasafi da giɓi, malamin da ya tafi ba a maye gurbinsa, aji ya cika har ba wurin ratsawa. Amma ban taɓa jin haushin amintattunmu ba. Mutane ne da muka zaɓa, ko sisi ba a biyansu.

Injiniya: Akwai abin da kuka tsallake. Ba 'yan Democrat kaɗai suka kayar da bauca a Nuwamban 2023 ba, har da 'yan Republican 21, galibinsu daga karkara. A ƙananan garuruwan nan makarantar gwamnati ce babbar ma'aikata, ita ce filin wasan daren Juma'a, makarantar kuɗi kuwa sai ka yi doguwar tafiya ba ka ga ko ɗaya ba. Me bauca za ta tsinana musu? Gwamna ya bi da yawansu har gida a zaɓen fid da gwani na 2024 ya kayar da su, shi ya sa ta wuce a 2025.

Alhaji Babba: Ku yi mini uzuri, ni jikoki nake da su a makaranta yanzu, ba 'ya'ya ba. Wannan bauca nawa ce, kuma daga aljihun wa?

Injiniya: Ranka ya daɗe, dala biliyan 1 aka ware don farawa, daga baitulmalin jiha. Yaro yana samun kusan dala 10,000 a shekara, mai buƙata ta musamman har 30,000, wanda ake koyar da shi a gida 2,000.

Baban Sadiq: Kun ji ko? Ni ina biyan harajin gida duk shekara, mai nauyin gaske tunda Texas ba ta karɓar harajin albashi. Yarana biyu suna makarantar Islamiyya, ina biya daga aljihuna. Laifi ne in so wani abu ya dawo mini? Abin da ya fi ci mini rai, da kuɗin harajina ake biyan kuɗin ƙungiyar hukumomin makarantu, su kuma su tafi Austin, babban birnin jihar, su yaƙi abin da nake so.

Maman Ummi: Maƙwabcinka da bai taɓa haihuwa ba shi ma yana biyan harajin nan, bai ce a mayar masa ba. Batun zuwa Austin kuma, majalisar nan sau ɗaya take zamanta na ƙa'ida a shekara biyu, kwana 140 kacal. Gundumomi sun haura dubu. Idan ba su haɗa baki sun aika wakili ba, wa zai gaya wa ɗan majalisa abin da dokarsa za ta ci a ƙasa? Ɗauki dokar tsaro ta 2023, bayan abin da ya faru a Uvalde inda aka kashe yara 19 da malamai biyu. Aka ce kowace makaranta ta ajiye jami'i mai bindiga. Madalla. Nawa aka bayar? Dala 15,000 ga makaranta da dala 10 ga kowane ɗalibi. A ina za ka ɗauki ɗan sanda na shekara guda da wannan? Cikon daga kuɗin littattafai da albashi ya fito.

Auta: Anti, wannan kam gaskiyarki. Amma ni ina ganin amintattun sun ɓata ƙarfinsu a faɗan da ba za su ci ba, suka bar wanda ya fi muhimmanci. Texas tana cikin jihohi ƙalilan da ke biyan makaranta bisa yawan yaran da suka zo aji kullum, ba yawan waɗanda suka yi rajista ba. Yaro ya kwanta zazzaɓi, kuɗi ya ragu, alhali malami da wuta da motar makaranta duk sai an biya.

Alhaji Babba: To ranar Sallah fa? Kenan muna jawo musu asara?

Maman Ummi: A'a Baba, doka ta ware ranakun ibada, in iyaye sun sanar ana lissafa yaro kamar ya zo. Waɗanda ke jawo asara su ne masu kwashe yara su tafi gida biki mako uku ana tsakiyar zango. Ban kira suna ba. Auta kuma, wannan buƙata ta daɗe a cikin jerin nasu, majalisa ce ba ta kula ba.

Injiniya: Matsalarsu ta gaskiya ita ce su kansu ba bakinsu ɗaya ba. Tun hukuncin Edgewood na 1989, da kotun ƙolin jihar ta ce rabon kuɗin ya saɓa wa tsarin mulkin Texas, aka ɓullo da tsarin da ake yi wa laƙabi da Robin Hood a 1993: gundumar da gidajenta ke da tsada ta miƙa wa jiha wani ɓangare na harajinta. Gundumar Austin kaɗai ɗaruruwan miliyoyi take miƙawa duk shekara, ga ta da yara matalauta birjik. Ita so take a rage. Gundumomin bakin iyaka da Meksiko tsoro suke kada ragin ya faɗo kansu. Ƙin bauca ne kusan abu ɗaya da ya haɗa su, shi ya sa kullum yake sama a takarda.

Baban Sadiq: To ai ka ƙarfafa maganata, Injiniya. Kuma a 2025 an ba su dala biliyan 8.5. Ina kukan?

Maman Ummi: Duba yadda aka bayar. Kason ɗalibi dala 55 kawai aka ƙara masa, bayan shekara shida na tsadar kaya. Sauran an ɗaure kowanne da igiyarsa. Ni na amfana, ba zan ɓoye ba: malamin da ya kai shekara biyar a babbar gunduma ya samu ƙarin dala 5,000, na ƙaramar gunduma 8,000. Amma kason ɗalibi shi ne kuɗin da amintattu ke da ikon juyawa yadda gari yake buƙata, shi ne kuma aka ƙi sake musu. A Houston ma tun 2023 jiha ta ajiye zaɓaɓɓun amintattu gefe ta naɗa nata.

Baban Sadiq: Da sun karɓi 6,700 ɗin can da ba su tsaya a 6,215 ba. Lissafi ne, Malama.

Maman Ummi: Wannan lissafin na yarda da shi, kuma yana yi mini ciwo. Sauran maganarka ce ban yarda ba.

Alhaji Babba: Ni tambaya ɗaya gare ni. Zaɓen amintattun da ya wuce, wa ya fita a cikinku?

Auta: Baba ni lokacin ina aikin dare.

Injiniya: Ni takardun ɗan ƙasa ba su fito ba tukuna, ranka ya daɗe.

Alhaji Babba: Baban Sadiq, kai muke jira.