Hazel McCallion: Sanin Ciniki ne Ya Gina Mississauga?

Baban Ummi:
Salamu alaikum jama'a. Ranar Asabar a wurin suna muka yi gardama da 'yan uwa, na ce sai na kawo ta nan. Ni maganata ɗaya ce: gari ba ya gyaruwa sai an damƙa shi a hannun wanda ya san ciniki. Hujjata Hazel McCallion, wadda ta riƙe Mississauga, garin da nake zaune a gefen Toronto a Kanada, daga 1978 zuwa 2014. Shekara 36 tana magajiyar gari, sau 12 ana ba ta kujerar, ba ta taɓa faɗuwa ba. Kafin siyasa ta daɗe tana aiki da kamfanin injiniyoyi na Canadian Kellogg, ita da mijinta kuma suna buga wata ƙaramar jarida a Streetsville, ƙaramin garin da daga baya aka haɗe shi cikin Mississauga. Ta karɓi gari mai mutum ƙasa da 300,000, gonaki ta ko'ina, ta bar shi da mutum sama da 700,000, kuma fiye da shekara 30 garin bai nemi rance ba. Wanda bai taɓa biyan albashi a ƙarshen wata ba ba zai iya wannan ba.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Yaya, lissafin da ka kawo gaskiya ne, amma ka tsallake inda kuɗin ke fitowa. A jihar Ontario, duk kamfanin da zai yanka gona ya gina rukunin gidaje sai ya biya hukumar gari wani kuɗi a kan kowane gida, don titi da magudanar ruwa da ɗakin karatu da filin wasa. Mississauga ta yi shekaru tana karɓar wannan kuɗi saboda tana da abin da Toronto ba ta da shi, wato fili. Titi sabo ba ya neman gyara, gada sabuwa ba ta neman gyara. To ina bashi zai fito? Da filin ya ƙare, titunan suka tsufa tare, kafin ma ta sauka garin ya koma cin bashi.

Baban Ummi:
Ai sanin a karɓi kuɗin, a ajiye, kada a cinye, shi ne cinikin da nake faɗa. Brampton, maƙwabciyar Mississauga, ma tana da fili, can kake zaune, me ya sa sunanta bai fita kamar na Mississauga ba?

Injiniya:
Saboda filin jirgin saman Pearson, mafi girma a Kanada, a cikin Mississauga yake, kuma ba ita ta gina shi ba. Manyan hanyoyi irin su 401 da 403 da QEW aikin gwamnatin jiha ne. Babbar kasuwar Square One tun 1973 aka buɗe ta, shekara 5 kafin ta hau. Unguwannin Erin Mills da Meadowvale ma kamfanoni sun zana su tun kafin zuwanta. Sannan 'yan sanda da ruwan famfo da kwasar shara duk suna wuyan hukumar yankin Peel ne, yankin da Mississauga take ciki, ba wuyan garin ba. Ban ce ba ta yi komai ba. Ta iya jawo kamfanoni, ta iya tsare taro da sisi. Amma ta gaji gona ce a bakin rafi.

Maman Sadiq:
Ku bari mai hawa bas ta sa baki. Baban Ummi, kana da mota, Allah ya ƙara arziki, shi ya sa garin yake maka daɗi. Ni shekara 2 na yi ba ni da ita. A watan Janairu, sanyi yana ratsa ƙashi, sai in ɗauki bas biyu kafin in isa aiki, tafiyar da a mota ba ta wuce a sha shayi a tashi. An baje gidaje nesa da shaguna, nesa da wurin aiki, titi mai layi shida ka tsallaka da yaro a hannu. Su kansu 'yan Kanada sun yi mata laƙabi da sarauniyar bajewar gari, ita ma daga baya ta yarda cewa ba a gina garin yadda sufurin jama'a zai yi aiki ba. Wanda yake gina gida don ya sayar, da ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Mu ne muke zama a ciki.

Kawu:
Allah ya yi muku albarka 'ya'yana. Ban taɓa zuwa Kanada ba, amma na yi aikin ƙaramar hukuma har na yi ritaya, don haka ina bin maganarku da kyau. Tambaya nake da ita. Macen da ta yi shekara 36 a kujera ɗaya, a garin da masu gine-gine ke shiga suna fita, ba a taɓa kama hannunta a cikin kwano ba?

Injiniya:
Kawu, ka taɓo wurin. A 1982 kotu ta same ta da karya dokar da ta hana ɗan majalisar gari shiga tattaunawa a kan abin da yake da amfani a ciki. An yi maganar sakin wasu filaye don gini, ita kuma tana da fili a cikinsu. Alƙali ya ce kuskure ne ba da mugun nufi ba, ya bar ta a kujerarta. Na biyun ya fi nauyi. Wani kamfani da ɗanta yake da hannun jari a ciki ya nemi sayen fili na dala miliyan 14.4 a tsakiyar gari don gina otal da zauren taro, ita kuma ta riƙa shiga tsakani tana matsa wa masu filin. Majalisar gari ta nemi a yi bincike, Mai Shari'a Douglas Cunningham ya jagorance shi, a Oktoban 2011 ya fitar da rahoto cewa amanar kujerarta ta ci karo da amfanin ɗanta, kuma bai kamata ta sa hannu ba.

Baban Ummi:
Ka faɗi sauran mana, ƙanina. Rahoton nan bai ce ta karya dokar da ke rubuce ba, bai ce ta sa ko dala ɗaya a aljihunta ba. Ita ta ce otal take nema wa tsakiyar garin, kuma a matsayin dillali ta ɗauki ɗan nata. A 2013 an sake kai ta kotu a kan wata magana makamanciya, kotu ta kori ƙarar. Kuma ana cikin binciken nan aka yi zaɓen 2010, ta samu kashi 76 cikin 100. Mutanen garin sun ji komai a jarida, suka sake zaɓenta.

Kawu:
Ɗana, a nan ne na rabu da kai. Ƙuri'a ba ta wanke hannu. Na zauna a ofis na ga yadda abin yake faruwa, kuma yawanci ba da mugun mutum yake farawa ba. Mutum ne mai zafin nama, ya saba a kasuwa idan yana son abu sai ya ɗaga waya ya kira mai shi, su yi magana baki da baki, a gama. A shagonka wannan hali ne mai kyau. A kujerar jama'a, wanda ka kira ya san gobe zai zo neman izinin gini a hannunka, don haka kiran naka ba roƙo ba ne ko da ka yi shi da lallami. Halin da kake yabo, shi ne dai ya kai ta gaban mai bincike. Ba za ka ɗauki ɗaya ka ajiye ɗaya ba.

Abin da ya burge ni a labarin ba ita ba ce. Kansiloli ne suka iya tsayawa suka ce a binciki shugabarsu tana kan mulki, alƙali ya kira ta, ta zo ta amsa tambayoyi a bainar jama'a.

Injiniya:
Kuma kansilar da ta fi matsawa a yi binciken, Carolyn Parrish, ta rasa kujerarta a zaɓen 2010. Ita ce aka zaɓa magajiyar garin a 2024.

Auta:
Yayyena, ku gafarce ni, ni ɗalibi ne, amma ina ga an manta da abin da ya sa mutane suka so ta tun farko, kuma ba shi da alaƙa da kasuwa. Daren 10 ga Nuwamba 1979, ba ta cika shekara ɗaya a ofis ba, jirgin ƙasan kaya na Canadian Pacific ya goce daga dogo a cikin garin. Tankokin gas suka fashe da wuta, a cikin taragun akwai mai ɗauke da kulorin, iskar da in ta bazu take kisa. Aka kwashe mutum sama da 200,000 daga gidajensu, mafi yawan mutanen garin, kuma ba a rasa rai ko ɗaya ba. Hazel ta gurɗe a ƙafa a kwanakin, tana ɗingishi tana fitowa gaban 'yan jarida tana gaya wa mutane halin da ake ciki. 'Yan sanda da 'yan kwana-kwana ne suka yi aikin, amma fuskarta mutane suka riƙe.

Sannan kiranta 'yar kasuwa ma da ɗan ƙari. Makarantar koyon aikin sakatare ta yi, a ofis ta taso. Kafin ta zama magajiyar Mississauga ta yi hukumar tsara gari ta Streetsville, ta yi magajiyar Streetsville ɗin daga 1970 zuwa 1973, ta yi kansila bayan an haɗe garuruwan a 1974. Tun daga ƙasa ta koyi aikin hukuma.

Maman Sadiq:
Auta ya faɗi gaskiya, kuma ni ba zan tauye mata haƙƙi ba. Tsofaffin da nake kula da su a wurin aiki, kusan kowa yana da labarin ranar da ya gan ta da idonsa, a bikin makaranta ko wasan yara ko jana'iza. A zaɓukanta na baya-baya ba ta ma yin kamfe, tana cewa masu son ba ta gudummawa su kai wa ƙungiyoyin taimako. Ta kafa gidauniyar Hazel's Hope don yaran da cutar ƙanjamau ta shafa a Tanzaniya. Ta sauka tana da shekara 93, ta ci gaba da yi wa kwalejin Sheridan hidima, har ta rasu a Janairun 2023 tana da 101. Wannan zumunci ne da juriya, ba a koyon su a kanti.

Baban Ummi:
To na ji. Amma ku gaya mini, da malamin makaranta ne ko lauya a kujerar, zai iya zama da manyan masu gine-gine ya ce musu sai kun biya kafin ku kafa bulo? Wanda ya san ribarsu shi ya san abin da za su iya biya.

Injiniya:
Ta sa su biya kuɗin ginawa, Yaya, ba kuɗin riƙewa ba. Ka duba takardar ruwanka. Tun 2016 ana cajin kowane gida kuɗin magudanar ruwan sama gwargwadon girman rufinsa. Hakan ya biyo bayan ruwan 8 ga Yulin 2013 da ya cika ɗakunan ƙasa na gidaje da yawa, musamman wajen rafin Cooksville. An shimfiɗa kwalta da kankare a kan gonakin da ke shanye ruwa, ba a tanadi isasshen kuɗin faɗaɗa magudanun ba. Harajin da aka daɗe ana riƙewa a ƙasa don a faranta wa masu gida, kai kake cike gurbinsa yanzu.

Kawu:
Wannan na gane shi ba sai an fassara mini ba. A bayan garinmu haka gonaki suke komawa awon igiya, mai gona ya yanka ya sayar, ba a bar hanya mai faɗi ba, ba kwata, ba filin makaranta. Damina ta zo ruwa ya shiga ɗakuna, a ce ina ciyaman. Bambancin shi ne ita tana da ikon karɓar kuɗi daga mai ginin, ta ajiye a asusun garin, ta shekara 36 tana bin tsari ɗaya. Namu ciyaman wa'adinsa gajere ne, wani lokacin ma kantoma ne aka naɗa, kuɗinsa kuma ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake biyowa, abin da Kotun Ƙolin Najeriya ta ce a daina a hukuncinta na 11 ga Yulin 2024. Ka ɗauko babban attajirin Kantin Kwari ka ɗora a wannan kujera, me zai sarrafa?

Baban Ummi:
Kawu, a kan namu na gida ba ni da ja. A kan Hazel dai ina nan a kan bakata cewa da ba ta san darajar kuɗi ba, da abin da aka tara ya bi ruwa kamar yadda yake bi a wurare da yawa masu fili da filin jirgi. Maganar ɗanta kuwa, na yarda bai kamata ta ɗaga wayar nan ba.

Maman Sadiq:
Baban Ummi, ranar da kake da hutu ka ajiye motar, ka same ni a Cooksville da ƙarfe 6 na safe mu hau bas tare a titin Hurontario. Za ka ga layin jirgin cikin gari mai kilomita 18 da aka fara haƙa a 2020, wanda aka raɗa wa sunanta a 2022. Ka taho da safar hannu mai kauri, kuma ka gaishe mini da Maman Ummi.