In nuna wa Alhaji wannan fim ɗin Tamil kafin in yi masa maganar aure?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya riga ya yi magana da amininsa cewa zan auri 'yarsa bayan Babbar Sallah, ni kuwa akwai wadda nake nema shekara biyu ke nan, kuma har yau bakina ya ƙi buɗuwa a gabansa. Ina da fim ɗin Santosh Subramaniam na harshen Tamil, wanda ya fito a 2008, inda Prakash Raj ya fito a matsayin uban da yake zaɓa wa ɗansa komai saboda tsananin so, tun daga rigar da zai sa har matar da zai aura. Na yi niyyar in kunna mana shi a falo bayan isha'i, ko Alhaji zai ga kansa a ciki. Sai dai kwafin nawa da rubutun Turanci yake a ƙasa, shi kuma bai yi boko ba. Shin in zauna ina fassara masa da bakina, ko in biya a ɗora muryar Hausa?

Bakatsine: Ka je wurin masu tura finafinai a bakin kasuwa, naira 100 za a zuba maka shi a waya.

Maman 'Yan Biyu: Naira 100 kuma a wannan zamani? Makon jiya 300 na biya, kuma da na dawo gida sai na tarar wani fim ɗin faɗa ne daban aka tura mini.

Mai Shayin Kwana: Kun kauce wa tambayarsa. Ɗora murya aiki ne na situdiyo, kuma da na taɓa tambaya an ce mini naira 15,000.

Bakatsine: Ni 40,000 aka ce wa wani abokina, ban da kuɗin man janareta.

Wanda Ya Gani: Ƙanena, ka ajiye maganar kuɗi ka saurare ni, domin da wannan fim ɗin na gwada abin da kake shirin yi. Baba ya zauna a kujerarsa da carbi a hannu, ni ina ƙasa ina fassarawa. Farkon fim ɗin, inda ake nuna yaro yana koyon tafiya a bakin teku uba na riƙe da hannunsa, ya yi murmushi ya ce haka ake so. Da aka zo inda uban ya amince yarinyar, Hasini, ta zauna a gidansu mako guda don ya ga halinta, kuma aka yi wa nata mahaifin ƙarya cewa tafiyar makaranta za ta yi, sai ya ajiye carbin ya tambaye ni wace irin 'ya ce take kwana a gidan saurayi. Da ta tona cewa yaron yana shan giya a ɓoye, ya miƙe ya kashe talabijin da hannunsa. Bai taɓa ganin wurin da ɗan ya amayar da abin da ke cikinsa har uban ya gane kuskurensa ba, wanda saboda shi kaɗai na kawo fim ɗin. Washegari ya kira baffana ya ce a matso da ranar aurena da wadda ya zaɓa, tunda finafinan Indiya sun fara lalata ni. Shekara shida ke nan, kuma wadda na so tana gidan wani da 'ya'ya uku.

Malamin Firamare: Allah ya ba ka haƙuri. Amma kai ma ka yi sake, da ka tsallake waɗannan wurare.

Hajiya Babba: Ɗana, maganar aure ba a aika talabijin ta yi ta. Ka sami baffanka ko kawunka da Alhaji yake jin nauyinsa, ka kai masa goro, ya je ya yi magana. Kuma waɗanda ba su taɓa aurar da ɗa ba su rage ba da shawara a nan.

Malamin Firamare: Hajiya, da girmanki, mu da ake aurarwa mu muka san inda abin yake yi mana ciwo, don haka namu bakin ma yana da amfani.

Mai Shayin Kwana: Fim ɗin ya haura awa biyu da rabi. Ina tsoron kafin a kai ga waƙa ta biyu Alhaji ya yi barci, ɗan ya zauna yana yi wa kujera wa'azi.

Maman 'Yan Biyu: Ko an ɗora muryar ma ban amince ba. Wasu masu fassarar suna tsayar da zance a daidai inda uwa take kuka don su gaishe da abokansu na unguwa, ko su yi tallar maganin basir.

Bakatsine: Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne sauya suna da cakuɗa harsuna. Wannan fim ɗin ma an fara yin sa ne da harshen Telugu a 2006 da sunan Bommarillu, kuma Genelia da Prakash Raj sun fito a dukkan biyun, jarumin ne kawai ya bambanta, Siddharth a can, Jayam Ravi a nan. Ka tambayi mai tura fim wanne ne a kwamfutarsa, zai ce maka duk Indiya ce.

Ɗan Tudun Wada: Na gode muku. Hajiya, baffan nawa shi ne ya raka Alhaji gidan aminin nasa ranar da aka yi maganar.