Girgizar da ke zuwa kafin dutse ya yi amai a ƙasan teku: me za mu kira ta?

'Yan'uwa masu fassara da masu aikin rediyo, ina neman taimakonku a kan wata kalma da ta daɗe tana yi min tsaye a wuya.

A ranar 10 ga Mayun 2018 ƙasa ta fara girgiza a Mayot, tsibirin da ke hannun Faransa tsakanin Madagaska da Mozambik. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, dubbai ne a cikin watanni. Mafi ƙarfi ta zo ranar 15 ga watan, ta kusa maki 6 a ma'aunin girgizar ƙasa. Sai a Mayun 2019 jirgin ruwan bincike Marion Dufresne ya gano sabon dutse mai aman wuta kimanin kilomita 50 gabas da tsibirin, a zurfin mita 3,500, ya kai tsayin mita 800. Daga baya aka raɗa masa suna Fani Maore.

Narkakken dutse ne ke tasowa daga can ciki yana tsaga duwatsu don ya sami hanya, kowace tsaga kuwa girgiza ce. Da rumbun narkakken dutsen ya ragu, tsibirin kansa ya ɗan nutse ya kuma gusa gabas.

Turawa na kiran irin wannan swarm, wato taron ƙudan zuma. An ba ni shawarar "jerin girgizar ƙasa". Ba laifi, amma jeri kan nuna tsari, babba a gaba ƙanana a baya, nan kuwa babu wannan. "Karkarwar ƙasa" ta fi dacewa da rawar da ba ta yankewa, wadda na'ura kaɗai ke ji.

Ni dai "naƙudar dutse" nake so. Ciwo ne mai zuwa ya tafi ya dawo, yana matsowa kusa da kusa, a ƙarshe a haifi abin da ba a gani ba a da. Ko kakata da ba ta taɓa ganin teku ba, za ta gane shi nan take.

Na san abin da za a ce: ba kowace irin wannan girgiza ke ƙarewa da amai ba. Gaskiya ne. Amma ungozoma ma takan duba mace ta ce tukuna, ba yau ba.

Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku da kuke fassarowa daga Faransanci, yaya kuke cewa a labaranku?