Tsoro yana hana ƙanwata barci, wace addu'a za mu yi?

'Yar Kaltungo: Salama, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ƙanwata tana farkawa tsakar dare gabanta yana faɗuwa, ko motsin kaza ta ji sai ta firgita. Yaya za mu taimake ta?

Dattijon Ikilisiya, Billiri: 'Yata, ku sa mata tsari. Minti 30 kafin kwanciya ta ajiye waya, domin labaran hare-hare da ake turawa a WhatsApp su ne itacen wutar. Ku karanta Zabura 91 tare da murya, ayoyinta 16 ne kawai. Sannan ta faɗi abin da take tsoro da sunansa, ta miƙa wa Ubangiji, yadda Filibiyawa 4:6 ta koyar. Addu'ar "Allah ka kiyaye" a dunƙule ba ta sauke nauyin da ba a ambata ba. Idan ta farka, ta maimaita Zabura 56:3 a hankali har numfashinta ya daidaita.

Maman Zumunta, Gombe: Baba ya faɗi gaskiya. Kuskuren da ake yi shi ne ce mata ba ta da bangaskiya. Sai ta ƙara jin laifi, ta daina faɗa. Dauda ma ya ji tsoro. Kuma ku kulle ƙofa sosai, Nehemiya 4:9 addu'a da masu tsaro ya haɗa.

Ma'aikaciyar Jinya: Idan bugun zuciyar ya wuce mako biyu, ku kai ta asibiti a auna hawan jini da yawan jininta, ana ci gaba da addu'a.